Ƙyalle, Takarda ko Yankakken Bango: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka a Kasuwar Zanen Habaici?

Daren 3 ga Oktoban 2019, kamfanin gwanjo na Sotheby's a Landan ya fito da wani zanen fenti mai faɗin fiye da mita 4. Zauren majalisar wakilan Birtaniya ne sak, da korayen kujerunsa da komai, sai dai babu ɗan Adam ko guda a ciki. Birai ne suka cika shi maƙil. Banksy, mai zanen bangon nan da ke ɓoye kansa, shi ya yi shi a 2009, ana kiransa Devolved Parliament. Masu ƙiyasi sun ce zai yi fam miliyan 1.5 zuwa miliyan 2. Aka shafe kusan minti 13 ana tayi, aka sallama a kan fam miliyan 9.9. Lokacin ma ya taimaka. Kwana tara kafin nan kotun ƙolin ƙasar ta soke dakatar da majalisa da firaminista Boris Johnson ya yi, rigimar ficewa daga Tarayyar Turai ta kai intaha, jama'a a wuya suke da 'yan majalisa. Banksy da kansa ya fito a Instagram ya ce abin takaicin shi ne zanen ba ya hannunsa, ya daɗe da rabuwa da shi.

Irin wannan labari ne ke sa mutum ya fara lissafin ko shi ma ya mallaki wani abu daga wannan fage. To amma abin da ake kira zanen titi yana zuwa kasuwa ta ƙofofi daban-daban, kuma ba kaya ɗaya ake sayarwa a kowace ƙofa ba, ko da hoton iri ɗaya ne. Akwai zanen da aka yi a kan ƙyallen kanbas. Akwai wanda aka buga a takarda, ƙidayayye, da sa hannu ko babu. Akwai bangon da aka yanko ɗungurungum daga inda aka fesa shi. Sai kuma hannun jari a zanen da ba za ka taɓa rataya shi a ɗakinka ba. Abu biyu mai saye ke nema: darajar da za ta riƙe kuɗinsa, da kuma maganar da zanen ke yi. Ba kasafai suke zama a kaya ɗaya ba.

Mu fara da wanda ya fi yaudarar ido, wato yankakken bango. A tunani na farko shi ne na asali, tunda shi ne wanda mai zanen ya tsaya da dare ya fesa yana waige. A aikace shi ne mafi munin ciniki, ta fuskar kuɗi da ta ma'ana duka.

Dubi abin da ya faru a Port Talbot, garin masana'antar ƙarfe a yankin Wales, a Disamban 2018. An wayi gari da zane a kusurwar wani gareji na bulo. Ta gefe ɗaya yaro ne sanye da kayan sanyi, ya buɗe hannuwa, ya zaro harshe yana taren abin da ke zubowa kamar dusar ƙanƙara. Sai ka zagaya kusurwar ka ga ashe toka ce ke tashi daga kwandon shara da ke cin wuta. Duk ƙarfin zanen yana cikin wannan taku biyu da za ka yi ka zagaya, da kuma cewa mutanen garin sun daɗe suna kukan ƙurar da ke sauka a kan motocinsu da shanyarsu. Wani dillalin zane ya saya, aka yanke bangon, aka ɗaga shi da inji, aka ajiye a wani gini cikin garin, sannan a 2022 aka fitar da shi daga Wales gaba ɗaya. Fentin yana nan, yaron yana nan, amma garin da ake yi wa maganar ba ya nan.

Haka aka yi da Slave Labour, yaron da ke durƙushe a gaban keken ɗinki yana ɗinka jerin tutocin Birtaniya. A Mayun 2012 ya bayyana a jikin wani kantin kayan araha na Poundland a unguwar Wood Green ta Landan, ana dab da bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 a kan gadon sarauta da kuma wasannin Olamfik. Bangon kantin shi ne rabin habaicin. A Fabrairun 2013 aka wayi gari an ɓamɓare shi, ya ɓulla a wani gwanjo a Miami, mutanen unguwa suka ta da ƙayar baya, aka janye shi, daga baya aka sayar a Landan cikin watan Yuni a kan abin da aka ruwaito ya haura fam 750,000. Kuɗi ne masu yawa, amma ka ajiye su kusa da farashin ƙyallaye ka ga tazarar.

Dalilin tazarar takarda ce. Tun 2008 Banksy ya kafa wani ofishi mai suna Pest Control, wanda shi kaɗai ke tabbatar da cewa aiki nasa ne. Takardar shaidarsu ma habaici ce: ana maƙala mata rabin jabun takardar fam 10 mai hoton Gimbiya Diana a madadin Sarauniya, ofishin ya riƙe ɗaya rabin. Wannan ofishi ba ya ba da shaida ga abin da aka ciro daga titi, don a ganinsa ba a yi shi domin sayarwa ba. Manyan kamfanonin gwanjo kuwa galibi ba sa taɓa aikin Banksy idan babu takardar. Ke nan wanda ya sayi bango ya sayi kaya mai nauyin tan-tan, mai cin kuɗin ɗauko da ajiya da inshora, wanda manyan kasuwanni suka rufe masa ƙofa, ga kuma tambayar wa ya mallake shi tun farko: mai gini, ko mai haya, ko mutanen unguwa da ke ganin kyauta aka ba su. Su kansu masu zanen ba sa kallon abin da mutunci. A Maris na 2016 wani mai zanen bango ɗan Italiya da ake kira Blu ya bi birnin Bologna yana shafe ayyukansa na kusan shekara 20 da fenti ruwan toka, don kawai ya hana masu shirya wani baje koli ci gaba da ɓamɓare zane daga bango su kai gidan tarihi. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya shiga wannan ƙofa ba, sai fa in ginin nasa ne aka wayi gari da zanen a jiki.

Ƙyallen kanbas shi ne sarkin kasuwar, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a bambance, domin ƙyallen iri biyu ne.

Iri na farko shi ne wanda a kan ƙyallen aka haife shi, wanda habaicinsa ba zai yiwu ba sai da firam da bangon falo. A 2005 Banksy ya yi wani baje koli a yammacin Landan mai suna Crude Oils, inda ya saki ɓeraye masu rai suna yawo a ƙafafun 'yan kallo. Cikin kayan akwai Show Me the Monet. Ya kwaikwayi shahararren zanen Claude Monet na gadar lambunsa a Giverny ta Faransa, da furannin da ke yawo a kan ruwa, da irin shafar burushin Monet ɗin, sai ya jefa kekunan tura kaya na kanti guda biyu a cikin tafkin, da robar nan mai tsini da ake kafawa a titi don tare motoci. Wanda bai san darajar da Turawa ke ba Monet ba, zai ga shara a ruwa kawai. Wanda ya sani zai ga an shiga har cikin ɗakin da ake ji da shi an zubar da bola. An sayar da shi fam miliyan 7.55 a Oktoban 2020. Ɗan'uwansa, kwaikwayon zanen furannin shahararren mai zane Van Gogh, inda furannin suka yi yaushi suka zube, wanda ya fito daga hannun mai tsara tufafi Paul Smith, ya yi dala miliyan 14.6 a kamfanin gwanjo na Christie's a New York a Nuwamban 2021. Biran majalisa ma cikin wannan layi suke: girman zanen da salon fentinsa irin na zanen tarihi da ake ratayawa a fadoji, su ne ke sa dariyar ta fito. Irin wannan aiki ba ya rasa komai idan ya shiga gidan attajiri. Can ne ma ya fi cizo.

Iri na biyu shi ne hoton titi da aka maimaita a kan ƙyalle. An ɗauki kwalin da aka yayyanke siffa a jikinsa, wanda aka yi aiki da irinsa a bango, aka ɗora a kan farin ƙyalle aka fesa. Ɓera, ɗan sanda, yarinya da balan-balan. Yana da takarda, yana da kasuwa, sau da yawa ma akwai 'yan'uwansa da dama. Amma ma'anarsa aro ce daga bango. Abin da kake saye shi ne tunawa da wani abu da ya faru a wani wuri.

Wani zai ce ai mafi tsadar aikin Banksy daga wannan iri na biyu ya fito. Gaskiya ne, amma duba yadda aka yi. Ranar 5 ga Oktoban 2018 aka buga guduma a Sotheby's a kan Girl with Balloon, mai saye zai biya fam miliyan 1.04. Nan take ƙararrawa ta tashi, ƙyallen ya fara zamewa ta ƙasan firam yana fitowa a yayyage, saboda injin da aka ɓoye a ciki. Ya tsaya a rabi. Wadda ta saya ta ce tana so a haka, aka sake masa suna Love is in the Bin, kuma a Oktoban 2021 ya koma wannan zauren aka sayar fam miliyan 18.6. Ba hoton yarinyar aka biya wa wannan kuɗi ba. Daren nan aka biya wa, da bidiyon da duniya ta gani. An yi niyyar yi wa kasuwa gwalo, kasuwa ta kama harshen ta sa masa farashi.

Wannan ya kawo mu ga abin da mai neman ma'ana ya kamata ya sani kafin ya ciro kuɗi. Kasuwa tana da irin habaicin da take so. Tana son wanda bai kama suna ba. Birai a majalisa kowa zai yi dariya, har 'yan majalisar, don kowa na ganin da abokin hamayyarsa ake. An yi zanen ne a shekarar badaƙalar kuɗin alawus na 'yan majalisa, aka sayar a shekarar rigimar Turai, gobe ma zai dace da wata rigimar. Wannan faɗin shi ne darajarsa a kasuwa, kuma shi ne dakushewarsa. Tana kuma son habaicin da ake yi mata ita kanta, don mai saye yana nuna cewa ya gane barkwancin. Wanda ba ta iya haɗiyewa shi ne mai nuna yatsa a wuri da lokaci. A Satumban 2025 wani zanen Banksy ya bayyana a jikin ginin manyan kotuna na Landan: alƙali da hular gashinsa ya ɗaga guduma a kan mai zanga-zanga da ke kwance a ƙasa. Cikin sa'o'i aka rufe shi da shinge, cikin kwanaki aka goge. Ba wanda zai taɓa tayinsa. In ana maganar zambo mai haƙora, wannan ya fi biran nesa ba kusa ba.

Ta fuskar kuɗi kuma, farashin da jaridu ke bugawa ba shi ne ke shiga aljihun mai sayarwa ba. A cinikin Love is in the Bin na 2021 guduma ta sauka ne a kan fam miliyan 16, sauran kusan miliyan 2.6 la'adar kamfanin gwanjo ce da mai saye ya ɗora. A ƙananan kaya la'adar kan kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Wato ranar da ka saya, ka riga ka faɗi da wannan kaso, sai kaya ya hau sosai kafin ka dawo daidai. Ga kuma haƙƙin mai zane da dokar Birtaniya ta ɗora a kan sake sayarwa, wanda ke farawa daga kashi 4 cikin 100 yana raguwa, bai wuce fam 12,500 a ciniki guda ba.

Sannan a lura da shekarun. Kusan duk manyan lambobin nan a tsakanin 2019 da 2021 suka faɗo. A 2021 kaɗai, ban da biyun da aka ambata, zanen Banksy mai suna Game Changer ya yi fam miliyan 16.8 a Christie's, kuɗin ya tafi ga ayyukan agaji na kiwon lafiya, Love is in the Air ya yi dala miliyan 12.9. Lokacin kuɗin ruwa a ƙasa yake, masu kuɗin kirifto suna ta neman inda za su zuba riba. Daga 2022 bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, kirifto ya faɗi, kasuwar ta yi sanyi. A Maris na 2025 wani zane daga jerin Crude Oils ɗin nan ya yi kusan fam miliyan 4.3, a tsakiyar ƙiyasin miliyan 3 zuwa 5. Ciniki ne mai kyau, amma ba irin haukar da ba. Mai ƙyalle na miliyoyi, idan ya matsu, masu iya saye a duniya ba su da yawa, kuma in kayan ya fito gwanjo bai sayu ba, kowa ya gani, farashinsa ya ji rauni na shekaru.

Bugun takarda ya fi kusa da hannun mutane, kuma a ganina shi ya fi gaskiya da asalin sana'ar. Zanen titi dama abin maimaitawa ne, kwali ɗaya bango goma. Kamfanin Pictures on Walls, wanda ya yi aiki daga 2003 zuwa 2017, shi ya buga yawancin takardun Banksy. Yarinya mai balan-balan ta fito a 2004, guda 150 masu sa hannu a kan fam 150, guda 600 marasa sa hannu a kan fam 75. Lokacin da kasuwa ta yi zafi, masu sa hannun sun kai dubban ɗaruruwan fam. Amfanin takarda shi ne tana da 'yan'uwa. Kana iya duba nawa aka sayar da irinta a watan jiya, ba sai ka dogara da bakin dillali ba, kuma in kana son fita akwai masu saye. Illarta ma daga nan take: ranar da farashi ya juya, mutum hamsin ke fito da tasu a lokaci guda, shi ya sa faɗuwar bayan 2021 ta fi dukan masu takarda. Takarda kuma ba ta da juriya. Hasken rana yana cin jan fenti, danshi yana fito da ɗige-ɗige, mai firam da ya datse gefe ko ya manna ta da gam ya zubar maka da kuɗi masu yawa.

In ma'ana kake bi, a cikin takardun ne za ka samu wanda ya fi dacewa da halin da mai saye yake ciki. Morons hoton zauren gwanjo ne, an ɗauko tsarinsa daga ranar da aka sayar da furannin Van Gogh a Christie's a 1987. Mai guduma yana nuni, jama'a sun cika, amma a cikin firam ɗin da ake tayi rubutu ne kawai, mai zanen yana mamakin wawayen da ke sayen wannan shirme. Mutane suna biyan dubban fam su rataya zagin kansu. A Maris na 2021 wasu 'yan kirifto suka sayi guda a kan dala 95,000, suka ƙone ta a gaban kyamara, suka sayar da shaidarta ta intanet a kan kusan dala 380,000.

Hannun jari ba sai an daɗe a kansa ba. Kamfanoni irin su Masterworks na Amurka suna sayen zane su raba shi hannaye, su ajiye a sito, su cire kuɗin kula da kasonsu na riba in an sayar. Ba kai ke zaɓar ranar sayarwa ba, ba ka ganin zanen. Wannan harkar zuba jari ce zalla, a auna ta da sauran harkokin zuba jari, kada a kawo maganar habaici ciki.

Akwai wata ƙofa da ba a cika lissafa ta ba, wato sayen aiki kai tsaye daga hannun mai zanen da bai yi suna ba tukuna. Darasinta yana cikin abin da ya faru a gefen Central Park na New York a Oktoban 2013. Wani dattijo ya kafa tebur yana sayar da ƙyallayen Banksy na gaskiya, masu sa hannu, dala 60 kowanne, babu alamar da ta nuna na wane ne. Yini guda mutum uku suka saya, cinikin duka dala 420, har da wadda ta nemi ragi. A shekara mai zuwa biyu daga cikinsu suka yi kusan fam 125,000 a gwanjon Bonhams. Dubban mutanen da suka wuce teburin ba makafi ba ne, sunan ne ba su gani ba. Wanda ya sayi aikin sabon mai zane ya sa a ransa cewa mai yiwuwa ba zai taɓa mayar da kuɗinsa ba, don yawancinsu ba su da kasuwar sake sayarwa. Amma kuɗinsa ya shiga hannun wanda ya yi aikin, kuma habaicin na yau ne, da zafinsa.

Saboda haka, mai miliyoyi da ke son abin da zai jure, ya nemi ƙyallen da aka haifa a ƙyalle, mai tarihin baje koli, ya kuma shirya riƙe shi shekaru. Mai matsakaicin ƙarfi da ke son sunan da kasuwa ta sani, takarda mai shaida ta fi masa ƙaramin ƙyallen maimaici da za a tsuga masa kuɗi. Mai son maganar kawai, sabon mai zane ko ma hoton bango na 'yan fam kaɗan ya ishe shi, tunda biran ba sa ƙara zama birai don an biya kusan miliyan goma.

Duk wadda aka zaɓa cikin masu tsadar, jabu ne babban rami, don zanen kwali da feshi ba shi da wuyar kwaikwayo. A Nuwamban 2024 'yan sandan Italiya suka sanar da kama fiye da zane 2,100 na jabu da tuhumar mutum 38, sunan Banksy na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har baje koli 'yan damfarar suka riƙa shiryawa don kayansu su yi kama da na gaskiya. Masu sayen aikin waɗanda suka mutu sun fi shiga uku: kwamitocin da ke tantance ayyukan Jean-Michel Basquiat da Keith Haring, waɗanda su ma daga titunan New York suka taso, sun daina aiki tun 2012, kuma a Yunin 2022 hukumar FBI ta kwashe zane 25 da ake jingina wa Basquiat daga bangon wani gidan tarihi a Orlando. Mai sayen Banksy yana da gata ɗaya, ofishin da zai tambaya yana nan a buɗe. Takardar shaidar ita ma ana yin jabunta, don haka ba ganinta a hannun dillali ne ƙarshen bincike ba. A tura wa Pest Control lambarta da hoton aikin, a jira amsarsu kafin a biya ko sisi.